Ganin Likita a Rukuni ko a Keɓe: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Karkarwar Zuciya?

Mutumin da aka shaida wa cewa bugun zuciyarsa ya daina tafiya a kan tsari yakan fito daga ɗakin likita da takardar magani a hannu da tarin tambayoyi a ka, kuma yawancin tambayoyin ba sa faɗo masa sai ya isa gida. A 'yan shekarun nan wasu asibitoci sun fara ba irin wannan majiyyaci zaɓi biyu: ko ya ci gaba da ganin likita shi kaɗai kamar yadda aka saba, ko kuma ya shiga wani zama da ake tara mutum takwas zuwa goma sha biyu masu ciwo iri ɗaya, likita ya duba su ɗaya bayan ɗaya a gaban juna na kimanin minti 90. Da yawa sukan ƙi tayin nan take, domin a ganinsu an rage musu daraja, an mai da ganin likita kamar ajin makaranta. Wasu kuma sukan karɓa hannu biyu-biyu har su yi watsi da ganawar keɓe gaba ɗaya. A ganina dukansu sun yi gaggawa, kuma kafin mutum ya yanke shawara ya kamata ya san abin da wannan cuta take nema daga mai ita da kuma daga mai yi masa magani.

Rikicewar bugun zuciya iri-iri ce, amma daga cikin masu ɗorewa, wadda ta fi yawa a duniya ita ce wadda likitoci ke kira atiriyal fibirileshan, wadda zan riƙa kira karkarwar zuciya. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Idan lafiya lau take, wani ɗan gurbi da ke ɗakin sama na dama shi ne yake fitar da saƙon lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya yayin da mutum yake hutawa, sai ɗakunan sama su matse su tura jini ƙasa, na ƙasa kuma su matse su tura shi huhu da sauran sassan jiki. Idan karkarwa ta shigo, saƙonni ne barkatai suke tasowa a ɗakunan sama, ɗaruruwa a minti ɗaya, sai ɗakunan su riƙa makyarkyata maimakon matsewa, na ƙasa kuma su riƙa bugawa ba tsari, sau da yawa da sauri. Mai ciwon yakan ji faɗuwar gaba, ko haki, ko jiri, ko kasala, wani kuwa ba ya jin komai har sai gwajin ECG, wato awon lantarkin zuciya, ya tona. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 60 ne suke ɗauke da ita a duniya.

Babban haɗarinta ba a wannan faɗuwar gaban yake ba. Jinin da bai samu turawa sosai ba yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu, ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa mai karkarwar zuciya ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kimanin ninki biyar. Saboda haka maganinta ya rabu gida-gida: a hana jini daskarewa, a rage saurin bugun ko a mai da shi kan tsari, a magance abubuwan da suke rura cutar kamar hawan jini da ciwon sukari da ƙiba da giya da ɗaukewar numfashi a cikin barci, sannan a riƙa sake duba lamarin lokaci-lokaci domin yana canjawa da shekaru. Idan aka lura da kyau, wani ɓangare na wannan aiki hukunci ne da likita yake yankewa bisa bayanan jikin mutum ɗaya, wani ɓangaren kuma ɗawainiya ce ta kullum da majiyyaci yake yi a gidansa shekara da shekaru ba likita a kusa. Da wannan rabe-raben nake auna hanyoyin biyu.

Ganin likita a rukuni ba sabon abu ba ne. A shekarar 1991 wani likita mai suna John Scott ya fara tara tsofaffin majiyyatansa masu cututtuka masu daɗewa a zama ɗaya a ƙarƙashin cibiyar kiwon lafiya ta Kaiser Permanente a jihar Kolorado ta Amurka. A 1996 wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Noffsinger, ya ɓullo da nasa salon a Kalifoniya, kuma a cikin shekarun 1990 ɗin ne wata ungozoma, Sharon Rising, ta tsara awon ciki a rukuni. Daga baya manyan asibitoci irin su Cleveland Clinic suka mai da shi wani sashe na aikinsu na yau da kullum. Abin da ya bambanta shi da lacca ko taron masu jajanta wa juna shi ne cewa ganin likita ne na gaske: ana auna hawan jini da bugun zuciya da nauyi, ana duba sakamakon gwajin kowa, ana gyara magani, ana kuma rubuta komai a fayil ɗin kowane majiyyaci. Yawanci likita yakan zo da nas ko mai harhaɗa magunguna, wani lokaci da masanin abinci, kuma mahalarta sukan sa hannu a takardar alkawarin riƙe sirrin juna. Duk zaman da babu mai ikon canja magani a cikinsa ilimantarwa ce kawai, tana da amfaninta, amma ba ita nake kwatantawa a nan ba.

Maganar lokaci

Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 67, ya nuna cewa matsakaicin lokacin da majiyyaci yake samu a gaban likitan farko ya kama daga daƙiƙa 48 a Bangaladash zuwa minti 22 da rabi a Suwidin, kuma a ƙasashe 18 da suke ɗauke da kusan rabin al'ummar duniya bai wuce minti biyar ba. Likitan zuciya yakan ba da fiye da haka a ganawar farko, amma ganawar bibiya gajeriya ce kusan ko'ina. A cikin 'yan mintocin nan ake so a auna mutum, a duba gwajinsa, a ji kokensa, a bayyana masa dalilin shan maganin da ba ya jin amfaninsa a jikinsa, sannan a tattauna nauyinsa da barcinsa. Ba ya yiwuwa, kuma abin da ake sadaukarwa kullum shi ne bayani.

Lissafin rukuni kuwa yana da fuska biyu, kuma ya kamata a faɗe su duka. Idan mutum goma suka zauna minti 90, abin da ya faɗo wa kowa daga hankalin likita kai tsaye minti tara ne, wanda mai yiwuwa bai kai abin da zai samu a keɓe ba. Amma kowa yana zaune cikin mintoci 90 ɗin nan yana sauraron amsoshin da ake ba sauran tara, kuma tun da ciwon ɗaya ne, yawancin amsoshin sun shafe shi. Don haka wanda buƙatarsa ita ce a zurfafa bincike a kan matsalarsa ta musamman ya yi asara a rukuni, wanda kuma buƙatarsa ita ce ya fahimci cutarsa ya ci riba mai yawa. Akwai kuma farashin da ba a cika ambata ba: zaman rukuni yana da rana da sa'a tsayayyu waɗanda ba a canjawa saboda mutum ɗaya, kuma yana cin sa'a ɗaya da rabi, abin da ba kowane ma'aikaci ko mai kula da iyali zai iya bayarwa ba.

Inda rukuni ya yi zarra

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne amfanin rukuni yake, kuma a nan ne ake yawan raina shi. Maganin hana daskarewar jini shi ne ginshiƙin kare mai karkarwar zuciya. Wafarin, wanda aka fara ba mutane tun shekarun 1950, yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi biyu cikin uku, kuma sababbin magunguna da suka fito daga 2010 zuwa 2015, wato dabigataran da ribaroksaban da afiksaban da edoksaban, suna yin aikin da bai gaza nasa ba tare da ƙarancin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce, mai shan su ba ya jin wani sauƙi a jikinsa, abin da yake gani kawai shi ne dasashinsa yana jini idan ya goge baki, ko ɗan rauni ya daɗe bai tsaya ba. Da ya ji zuciyarsa ta lafa na wasu makonni sai ya ɗauka ya warke, ya ajiye maganin, alhali haɗarin daskarewar jini bai tafi ba ko da bugun ya koma daidai. Likita zai iya faɗin wannan a jimla biyu, amma bai kai tasirin jin wani dattijo da ke zaune kusa da kai yana ba da labarin yadda ya daina shan nasa, ya wayi gari bakinsa ya karkace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma majiyyata sukan gaskata junansu a kan abin da suke jin nauyin gaya wa likita.

Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji masu yawa waɗanda kowace a cikinsu tana iya zama sanadin tsira ko halaka, kuma ba sa zama a ka sai an maimaita. Ribaroksaban na masu karkarwar zuciya ana shan sa tare da abinci, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukar sa yadda ya kamata. Dabigataran ba a juye shi daga mazubinsa na asali domin danshi yana lalata shi. Sababbin magungunan nan ƙarfinsu yana barin jiki cikin kwana ɗaya ko makamancin haka, saboda haka tsallake sha ba ƙaramin abu ba ne. Mai shan wafarin yana buƙatar gwajin INR a kai a kai, wato awon saurin daskarewar jini, wanda ga yawancin masu wannan cuta ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma ba a hana shi cin ganye irin su alayyafo da kabeji masu sinadarin bitamin K ba, abin da ake so shi ne kada ya riƙa yawaita su wannan mako ya daina a mako na gaba. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak da asfirin suna ƙara haɗarin zubar jini ga duk mai shan maganin hana daskarewa. A zaman rukuni, wani ne zai tambayi abin da zai yi idan ya manta da maganin safe, wata ta tambayi batun cire haƙori, wani ya kawo zancen maganin gargajiya da yake haɗawa da nasa, sai ka ga ka samu amsar tambayoyin da ba ka ma san ya kamata ka yi su ba.

Haka kuma a rukuni ake koyon abubuwan hannu, kamar ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugun jijiya na minti ɗaya cur a kuma lura da tsarinsa, da yadda ake auna hawan jini a gida, da sanin cewa na'urar hannu takan yi kuskure idan bugun ba ya kan tsari, don haka ake maimaita awon. Waɗannan abubuwa ne da ake koya da gwadawa, kuma mutum goma da nas ɗaya sun fi saurin koyon su a tare.

Sai batun sauya rayuwa, wanda a da ake ɗauka ƙarin nasiha ce kawai, yanzu kuwa an gane magani ne. Wani bincike da aka yi a birnin Adelaide na Ostareliya, aka buga a 2015, ya bi sawun masu karkarwar zuciya 355 masu ƙiba, ya gano cewa waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye sun fi sauran samun kuɓuta daga dawowar karkarwar da kusan ninki shida. Wani gwajin kuma, shi ma a Ostareliya, wanda aka buga a 2020, ya raba mashaya giya 140 masu wannan cuta gida biyu, aka ga karkarwar ta dawo wa kashi 53 cikin 100 na waɗanda aka sa su daina sha a cikin wata shida, alhali ta dawo wa kashi 73 na waɗanda suka ci gaba. Rage nauyi da barin giya da jure kwana da na'urar taimakon numfashi duk ayyuka ne masu wuya da tsawo, kuma mutum yakan fi ɗorewa a kansu idan ya san wata mai zuwa zai zauna da waɗanda suka ji alkawarin da ya ɗauka. Ga kuma tsoro, wanda shi kansa ciwo ne ga mai wannan cuta. Wanda zuciyarsa ta taɓa rikice masa da tsakar dare yakan zauna cikin fargabar cewa ajalinsa ya zo, har ya daina motsa jiki ya daina tafiya. Ganin wanda ya shekara goma da ciwon yana harkokinsa yakan kwantar masa da hankali fiye da duk wani lallashi.

Inda keɓewa ba ta da madadi

Duk da haka akwai hukunce-hukuncen da ban yarda a yanke su a gaban jama'a ba, ba don sirri kaɗai ba, har don suna buƙatar nutsuwar likita a kan mutum ɗaya. Na farko shi ne ko za a fara maganin hana daskarewar jini. Likitoci suna amfani da wani ma'auni na maki: gazawar zuciya da hawan jini da ciwon sukari da ciwon jijiyoyin jini kowanne maki ɗaya, shekara 65 zuwa 74 maki ɗaya, shekara 75 zuwa sama maki biyu, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki maki biyu. Tsohon ma'aunin yana ƙara maki ɗaya ga mace, amma ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta cire wannan a ƙa'idojinta na 2024. Ƙirga makin abu ne mai sauƙi da za a iya koyarwa a rukuni, auna shi da haɗarin zubar jini kuwa ba haka ba ne, domin sai an san ko mutum ya taɓa samun gyambon ciki mai jini, ko yana yawan faɗuwa, ko ƙodarsa da hantarsa suna aiki yadda ya kamata.

Zaɓen irin maganin ma haka yake. Wanda aka sa wa bawul ɗin ƙarfe a zuciya (bawul shi ne murfin da ke hana jini komawa baya), ko wanda bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan zuciyarsa na hagu ya tsuke sosai sanadiyyar zazzaɓin rumatik, wani zazzaɓi mai taɓa gaɓoɓi da zuciya, wafarin ne nasa, kuma wani babban gwaji da aka buga a 2022 ya nuna cewa masu karkarwar da ta samo asali daga ciwon bawul na rumatik sun fi tsira da irin wafarin a kan ribaroksaban. Afiksaban ana rage yawansa ne idan mutum ya haɗa biyu daga cikin uku: shekara 80 zuwa sama, nauyin da bai wuce kilo 60 ba, da raunin ƙoda da ya kai wani mizani. Ga haɗarin rukuni a fili: mutum ya ji maƙwabcinsa yana yabon maganinsa wanda ba ya buƙatar gwajin jini kowane wata, ko yana shan rabin abin da shi yake sha, sai ya kwaikwaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma rukunin da ba shi da jagora mai tsayawa ya gyara irin wannan magana nan take yana iya yin ɓarna fiye da gyara.

Haka batun mai da bugun kan tsari. Ko za a wadatu da rage saurin zuciya da magunguna irin su bisofurolol da diltiyazem da digoksin, ko za a gwada daidaita ta da girgizar lantarki, wanda yawanci yake buƙatar a sha maganin hana daskarewa na aƙalla mako uku kafin a yi da mako huɗu bayan an yi, ko za a ba da amiyodaron wanda yake iya taɓa huhu da hanta da ƙwayar tayirod ta wuya, ko kuma za a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a ƙona ko a daskarar da bakin jijiyoyin huhu, inda likitocin birnin Bodo na Faransa suka nuna a 1998 cewa daga nan yawancin saƙonnin ɓarnar suke tasowa, duk waɗannan shawarwari ne da suka dogara ga shekarun mutum da tsawon lokacin da ya ɗauka da cutar da girman ɗakin zuciyarsa da abin da shi kansa yake so. Rukuni wuri ne mai kyau na jin yadda aikin ya kasance ga waɗanda aka yi wa, amma amincewa da shi a keɓe ya kamata a yi.

Sirri kuma ba abin wasa ba ne. Takardar alkawari tana ɗaure mutuncin mahalarta, amma ba ta da ƙarfin dokar da ta ɗaure likita. Akwai maganganun da suka shafi wannan cuta kai tsaye waɗanda mutane da yawa ba za su furta a gaban baƙi ba: yawan jinin al'ada ga mace mai shan maganin hana daskarewa, raunin mazakuta da wasu ke dangantawa da maganin rage saurin zuciya, ainihin yawan giyar da mutum yake sha, baƙin bayan gida, shirin ɗaukar ciki alhali wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, ko rashin kuɗin sayen magani. Idan aka ɓoye irin waɗannan saboda kunya, likita zai yanke hukunci a kan bayani mai giɓi. Shi ya sa rukunin da ya san aikinsa yake ware 'yan mintoci da ɗaki na gefe ga duk mai son magana a keɓe, kuma wanda bai tanadi haka ba ban ga dalilin shigarsa ba.

Abin da bincike ya tabbatar

Hujja mafi ƙarfi a kan ganin likita a rukuni daga masu ciwon sukari ta fito. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa matsakaicin sukarin jini na wata uku ya ragu da kimanin rabin maki, hawan jini na sama kuma ya sauka da kimanin maki biyar, idan aka kwatanta da ganin likita na yau da kullum. Wannan ya shafi mai karkarwar zuciya ta gefe, tun da hawan jini da ciwon sukari suna cikin masu rura cutarsa. A kan karkarwar zuciya kanta, an gwada tsarin a wurare irin su Mayo Clinic, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma abin da suka fi aunawa shi ne ilimin majiyyaci da gamsuwarsa da ƙarfin gwiwarsa wajen kula da kansa. Don haka dalilin shiga rukuni shi ne samun fahimta da ɗorewa a kan magani, kuma duk wanda ya tallata shi da cewa shi kansa yana hana shanyewar ɓarin jiki ya wuce gona da iri.

Ya kamata in ambaci hanya ta uku, domin wani lokaci ita ce ta fi biyun. A birnin Mastirik na ƙasar Holan an raba majiyyata 712 gida biyu, wasu suna ganin likitan zuciya kamar yadda aka saba, wasu kuma suna zuwa wani sashe na musamman da nas ƙwararriya take jagoranta bisa ƙa'idojin magani, likita yana sa ido. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa kwanciya asibiti ko mutuwa saboda ciwon zuciya ya samu kashi 14.3 cikin 100 na masu zuwa wajen nas, da kashi 20.8 na sauran. Wani gwajin da ya biyo baya a asibitoci da yawa bai nuna bambanci mai ƙarfi haka ba, sai a inda ma'aikatan suka goge a aikin. Wanda yake son dogon bayani amma ba ya iya magana cikin mutane, wannan ce tasa idan akwai ta a inda yake.

Wa ya kamata ya zaɓi wanne

Wanda aka gano cutarsa kwanan nan ya fara da ganawar keɓe, a yi masa hoton zuciya da gwajin ƙoda da na tayirod, a tsayar da maganinsa, sannan ya shiga rukuni da wuri, domin watannin farko su ne lokacin da tambayoyi suka fi yawa kuma tsoro ya fi tsanani. Wanda cutarsa ta lafa, maganinsa ya zauna, abin da ya rage masa shi ne bibiya da rage nauyi da riƙe hawan jini, shi ne ya fi kowa cin moriyar rukuni, kuma yana iya mai da shi babbar hanyarsa muddin yana ganin likita a keɓe aƙalla sau ɗaya a shekara domin a sake auna ƙodarsa da makinsa. Mai shan wafarin da INR ɗinsa yake hawa da sauka shi ma zai amfana, musamman idan akwai mai harhaɗa magunguna a zaman.

Akwai kuma waɗanda zan ba shawarar su tsaya a keɓe. Daga ciki akwai mai gazawar zuciya da ba ta daidaita ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, da mace mai ciki, da wanda bai daɗe da zubar jini mai yawa ba, da wanda ake ta canja masa magani ana neman wanda zai karɓe shi. Haka mai raunin ji sosai, da mai mantuwar tsufa, da wanda ba ya jin harshen da ake magana da shi a zaman, domin sauraro shi ne jarin rukuni, wanda ba ya iya saurare zaman banza ya yi. Akwai kuma mutumin da labarin ciwon wasu yake ƙara masa fargaba maimakon ya rage, kuma idan mutum ya san haka halinsa yake, bai yi laifi ba idan ya ƙi.

Kafin a amsa tayin, yana da kyau a tambayi wanda zai jagoranci zaman da ko yana da ikon canja magani, da yawan mahalarta, da ko akwai damar keɓewa a ranar, da ko an yarda mutum ya zo da matarsa ko ɗansa mai kula da maganinsa, da yadda za a biya kuɗin, da kuma ko shiga rukuni zai hana shi neman ganawar keɓe idan buƙata ta taso. Idan amsar ta ƙarshe ita ce zai hana, to a ƙi. Idan amsoshin sun gamsar, a gwada zama biyu ko uku kafin a yanke hukunci, domin zaman farko yawanci kowa yana ɗari-ɗari ne, a kuma riƙa zuwa da duk magungunan da ake sha a mazubansu tare da takardar awon bugun zuciya da hawan jini na gida.

Akwai alamomin da ba sa jiran ranar rukuni ko ranar ganawa, kuma duk hanyar da mutum ya zaɓa wajibi ne shi da mutanen gidansa su haddace su: karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, ko sarƙewar magana, ko ɗaukewar gani farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko buguwa a ka ga mai shan maganin hana daskarewar jini ko da bai ga rauni ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a kai shi sashen gaggawa nan take, a lura da lokacin da alamar ta fara da lokacin da ya sha maganinsa na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa yawanci a cikin sa'a huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma waɗannan lokuta biyu su ne abin da likitocin gaggawa za su fara tambaya.